Kaskon Ruwa Don Tsuntsayen Daji

Tsuntsu ba ya gumi. Idan zafi ya dame shi sai ya buɗe baki yana haki, ta nan kuma ruwan jikinsa ke ƙarewa. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a yankinmu na Yobe, ƙishirwa ta fi yunwa illa ga tsuntsaye, musamman masu cin busasshiyar tsaba irin su kurciya da hasbiya.

Kawuna yana da wani fili da ya killace a bayan gari, ya hana sare itace da harbin tsuntsu a cikinsa. Tafkin Nguru, wanda ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2000, yana da nisa daga wurin. Manyan tsuntsaye kan iya kai kansu can, amma ƙananan da ke zaune cikin ƙayar filin ba su da wannan ƙarfin. Tun ina aji biyu a sakandare ni ke kai musu ruwa da bazara.

Aikin yana da ƙa'idoji. Kaskon ƙasa muke sawa, domin kwanon ƙarfe yana ɗaukar zafi. Zurfin ruwan ba ya wuce gaɓar yatsa biyu, kuma mukan jefa duwatsu a ciki don ƙaramin tsuntsu ya sami wurin tsayawa, kada ya nutse. A inuwar aduwa muke ajiye kaskon, taku kaɗan daga sarƙaƙiya: kusa yadda za su ɓuya idan shaho ya kawo farmaki, amma da tazarar da muzuru ba zai laɓe ya cafke su ba.

Wankewa ita ce wahalar. Duk bayan kwana biyu nakan zubar da tsohon ruwa in goge kaskon. Ƙwan sauro kan zama sauro cikin kimanin kwana 10, kuma akwai ciwon maƙogwaro da kurciyoyi ke ɗauka daga junansu ta ruwan sha mai datti.

Ku ma za ku iya sa kasko ɗaya a bayan ajinku. Sai dai ku tsara wanda zai riƙa cika shi ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu, domin tsuntsun da ya saba da wuri zai ci gaba da zuwa. Idan kun fara, ku riƙe har damina ta sauka.