Bayan Akwatin Kayan Sauti

A sana'ata ta haɗa wa mawaƙa kayan sauti, bayan akwati nake duba idan zan auna gwani, inda 'yan kallo ba sa leƙawa. A can nake raba wayoyin wuta da na sauti, domin idan suka jera tare, ƙugi ne zai cika lasifika. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar wasu ta cire ƙafar filogi ta uku, wadda ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, wai don ƙugin ya ɗauke. Wutar nan volt 230 ce, makirufo kuwa yana daf da leɓen mawaƙi. Gara biki ya tashi da ƙugi da ya tashi da salati.