Jirgin Teku Ba Ya Juyowa

Mu mutanen Argungu, da ruwa muke tinƙaho. Yaro kan iya ninƙaya a kogin Matan Fada tun bai gama haddace Fatiha ba. Mahaifina masunci ne, a kan gorarsa na koyi bin ruwa, da homarsa na fara kama kifi. Saboda haka da aka ce a 1965 zan tafi karatu Ingila ta jirgin ruwa, ko gezau ban yi ba. Cewa na yi ai ruwa ruwa ne.

Mota ta kai ni Gusau, jirgin ƙasa ya sauke ni Ikko. A tashar Apapa na ga Aureol, farin jirgin kamfanin Elder Dempster da ke jigila tsakanin Ikko da Libaful tun 1951. Tsawonsa ya fi layin kasuwar garinmu. Tare da ni akwai wani yaro ɗan Birnin Kabi, wanda mahaifinsa ya riƙe hannuna a tasha ya ce, "Ga ƙanenka nan, amana."

Zaman jirgi wata duniya ce. Kusan mako biyu, in ba a tasha aka tsaya ba, ba ka ganin komai sai ruwa da sama. Ƙararrawa ke kiran mutum cin abinci, cokali da wuƙa a jere kamar kayan wanzami. Alƙibla kuwa kullum sai mun tambaya, domin inda ka fuskanta da asuba ba nan za ka fuskanta da la'asar ba. Mai kula da ɗakinmu wani dattijo ne mutumin Saliyo, ya tsinci Hausa wurin sojojinmu a yaƙin Bama. Ranar da za mu tsaya Firitawun ya ce mini, "Yaro, in kun sauka ku dawo da wuri. Jiniya ta farko kira ce, ta biyu sallama ce." Na yi dariya na ce, "Baba, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya."

Abin da na sani shi ne fito irin namu. A gulbin Rima mai kwalekwale ba ya tashi sai ya cika, in ma ya tashi ka ƙwala masa kira daga gaɓa, sai ya juyo yana mita ya ɗauke ka. Da wannan sanin na sauka, na ja yaron muka shiga gari.

Mun ga duwatsun da suka yi wa birnin rumfa, mun tsaya ƙarƙashin wani ƙaton rimi a tsakiyar gari. A kasuwa muka yi kiciɓis da wani Basakkwace mai fataucin goro. Da ya ji bakinmu sai ya rantse ba za mu wuce ba mu ci tuwon gidansa ba. Kwana nawa rabona da miyar kuka? Muna tsakiyar ci jiniya ta farko ta yi kuka. Yaron ya tsame hannu ya ce, "Yaya, mu tashi." Na ce masa ya zauna, jirgin da ya ɗauki kayanmu da fasfonmu ina za shi ya bar mu?

Ko da muka iso bakin tasha an janye matakala, an kwance igiyoyi, jirgi ya ba da baya. Na ɗaga hannu ina kira yadda nake yi a gida. Ba wanda ya waiwayo. Albarkacin wani ma'aikacin tasha da ya ji tausayinmu aka sa mu a ƙaramin jirgi mai inji, aka bi Aureol da mu, aka zuro mana tsanin igiya daga sama. Ni na iya ruwa, shi bai iya ba. Ina ƙasa ina kallon ƙafafunsa na kakkarwa a kan igiya, takalminsa ɗaya ya suɓuce ya faɗa teku. A nan na tuna hannun mahaifinsa a cikin nawa.

Makarar ba ita ce ta fi damuna har yau ba. Da muka hau, dattijon ya tambaye mu abin da ya tsare mu, sai na ce yaron ne mai nawa. Yaron ya ji, ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Bayan mun bar Las Palmas muka shiga ruwan Biske, inda teku ke hauka. Ɗan masunci ya kwanta yana amai kwana biyu, ko zama ba ya iyawa. Wa ke riƙe mini bokiti, yana jiƙa mini busasshen burodi a shayi? Yaron da na yi wa ƙazafi. Daren ƙarshe kafin Libaful na kira dattijon, na faɗi gaskiya a gabansu duka biyu, na roƙi gafara. Dattijon ya ce, "Na sani tun ranar. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Aureol ya daina zuwa Ikko a 1974, daga baya aka mai da shi masaukin ma'aikata a Jidda. Ni kuwa na dawo gida na tsufa a bakin gulbin da ya ruɗe ni. Girman kai rawanin tsiya ne, na naɗa shi na ga yadda yake. Jikokina da ke shirin fita waje, ga abin da nake gaya musu: sanin gulbi bai sa ka san teku ba, in wanda ya riga ka a hanya ya yi magana ka kasa kunne. In kuma ka yi laifi, ka ɗauki kayanka da kanka, kada ka ɗora wa wanda kunya ta hana shi musa maka.