Bacirawa da Hanyar Turabulus

Duk wadda ta shiga Bacirawa da kaka, ƙanshin sabon gero ne zai fara yi mata maraba. Gonaki ne manne da juna, ga kuka ga ɗorawa, ko'ina ka duba dammuna jingine. Sai dai 'yar'uwa, in kin zauna hira da matan gida, kafin a kira la'asar sai kin ji an ambaci Libiya, domin kuwa wannan mijinta yana can, waccan wanta.

Hanyar tsohuwa ce. Tun zamanin kakanni ayarin raƙuma ke tasowa daga Turabulus da Gadamas zuwa Kano, su koma da jan kirgi da turkuɗi. Unguwar Dandalin Turawa da ke cikin birni ma Larabawan nan aka yi wa sunan, ba Nasara ba.

Wani dattijo ya ba ni labarin zuwan Gaddafi Kano a 1997, zamanin Abacha, yadda suka yi sammako a ƙafa don su bi shi sallar Juma'a. Har yau in yana faɗa fuskarsa washewa take. A 1999, a garin Sirte, Gaddafin ya tara shugabanni aka amince a kafa Tarayyar Afirka, yana ta kiran baƙar fata 'yan'uwa, wai ƙofar ƙasarsa a buɗe take. Samari kuwa suka gaskata, aka jinginar da gona aka bi ta Agadas zuwa Sabha.

To, ni dai zumuntar da ta tsaya a bakin shugabanni ba ta cika min ciki ba. Shekara ɗaya tak bayan taron, a 2000, aka far wa baƙi baƙar fata a garin Zawiya, aka kashe na kashewa, aka koro dubbai. Da gwamnatinsa ta faɗi a 2011, sai aka riƙa kama su ana cewa sojan haya ne. A 2017 kuwa CNN ta nuna ana cinikin mutane kamar awaki. Innalillahi!

Abin da ya fi tsaya min a rai wata budurwa ce da na tarar tana surfe. An sa mata rana, saurayin ya tafi neman kuɗin lefe, damina uku ke nan ko waya. Ta ƙi kula kowa. Ƙanwarta kuma wata hajiya ke zuga ta, wai akwai aikatau a Turabulus, kuɗin mota a cire a albashi. Uwar ta ɓoye mata katin ɗan ƙasa a cikin kwalla.