Takardar Gwajin Jinin Inna



Bara mahaifiyata ta fara kukan kasala, ƙafafunta suna yi mata kamar ana tsira allura, ga mantuwa har takan rasa raka'a nawa ta yi. Wata uku ina sayo mata maganin ƙarin jini a kemis, ba sauƙi. Daga ƙarshe muka je asibiti, aka ɗebi jininta.

Da takardar ta fito, ni da nake karanta Larabci ba wasali, sai na tsaya ina kallonta kawai. Likita ya ce, "Malam, kowace lamba akwai ma'auninta a gefe, shi za ka duba." Ya nuna mini bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata: nata 140, alhali a ma'aunin takardar ƙasa da 200 rashi ne. Ya nuna MCV, wato girman jajayen ƙwayoyin jini: nata 108, ya haura 100. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa ƙanƙantar da su yake yi. Ashe maganin da nake saye ba na ciwonta ba ne!

Ana samun B12 a hanta, nama, kifi, ƙwai da nono, amma cikin tsoho sau da yawa ba ya iya tsotsarsa, shi ya sa aka rubuta mata allura. Da mun ƙara jinkiri, in ji likita, jijiyoyin na iya lalacewa ba gyara. Yanzu Inna da ƙafarta take zuwa unguwa.

To 'yan'uwa, kada ku naɗe takardar gwaji ku cusa a aljihu. Ku tambayi likita, layi bayan layi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Wassalam.