Katin da Ke Ƙasan Akwati

Ranar zubin adashi ce, Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu. Muna zaune a barandar Uwar Adashi a Madakiya, an yi yayyafi da rana, ƙasa sai ƙamshi take yi, ga tiren mangwaro a tsakiya da robar kunun zaƙi. An gama ƙirga kuɗi, mai ɗauka ta ƙulle nata a bakin zani, amma ba wadda ta motsa, don kowa ta san bayan kuɗi ne zaman yake daɗi.

Sista ce ta iso a makare, sanye da farar riga mai hoton sauro a ƙirji. Ita ce ma'aikaciyar jinya a cikinmu, a kwalejin jinya ta Kafanchan ta yi karatu.

"Sannu da aiki, Sista. Wannan kuma rigar wace rana ce?" in ji Maman 'Yan Biyu.

"Ta ranar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ce, 25 ga Afrilu. Makon ƙarshen watan nan kuma gaba ɗayansa makon rigakafi ne na duniya."

"Ku gafarce ni, ni dai ban ga abin da ranakun nan suke ƙara mana ba. A yi tattaki, a yi jawabi, a watse, sauro yana nan inda aka bar shi."

Sista za ta amsa ke nan, sai na dafa hannunta. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, na ga in ban fitar da ita yau ba, ba ranar fitarwa.

Na ce, "Ku matso, 'yan'uwa. Abin da zan faɗa, ko Baban yara bai ji shi duka ba. Kun san autana. An yi masa allurar haihuwa, an yi ta mako shida, an yi ta mako goma. Daren ta mako goman nan jikinsa ya yi zafi, cinyar ta kumbura, muka kwana biyu yana kuka ina jijjiga. Tsoro ya shige ni. Da ranar ta mako sha huɗu ta zo, ta faɗo daidai lokacin haƙar citta, sai na ce mako mai zuwa. Mako mai zuwan nan ne ya zama shekara biyu. Na ɗauki katin na tura ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan aurena. Duk sanda masu ɗigon shan inna suka shigo gida nakan miƙa musu shi, ina lallashin zuciyata da cewa ai ya wadatar."

Ba wadda ta ce uffan. Amarya ta ajiye mangwaron da ke hannunta.

"Sai ga watan Yuli na 2023. Kun tuna sanda gwamnatin jihar Kaduna ta tabbatar da ɓullar mashaƙo a Kafanchan, aka ambaci Takau, aka ce an rasa yara. Ni kuwa kowane mako ina kasuwar Kafanchan, yaron nan yana goye a bayana. A daren da na ji labarin sai ya yi tari. Na tashi na haska tocila cikin bakinsa ina neman farin abin da aka ce yana rufe maƙogwaro. Ban ga komai ba, amma barci ya ƙaurace mini. Na buɗe akwatin, na zazzage zannuwa a ƙasa, na ciro katin. Layi uku an cike da biro, an sa kwanan wata. Daga na huɗu har ƙasa, fari fat. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya tsorata ni kamar farin gurbin nan ba, don na san ba wanda ya bar shi haka sai ni."

"Wayyo, Yaya," in ji Amarya. "To, ya kika yi?"

"Gari na wayewa na tari ɗan acaɓa muka tafi asibitin sha-ka-tafi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikaciyar ta dubi katin, ta dube ni, ta ce in zauna, ba sai an faro daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ko kwabo ban biya ba. Da allurar ta shiga ya tsala ihu, ni ma hawaye suka zubo mini, amma na sauƙin zuciya ne."

Sista ta gyara zama. "Kin kyauta da kika faɗa, Yaya, don ba ke kaɗai ba ce. Allurar nan da muke kira fenta, cututtuka biyar take tarewa: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Sau uku ake yinta, mako 6 da 10 da 14, kuma sai ukun sun cika kariyar take ƙarfi. Zafin jikin kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba abin tsoro ba ne, yakan wuce. Ɗigon baki kuwa na shan inna ne kawai, bai san zancen mashaƙo ba. Annobar mashaƙon nan tun ƙarshen 2022 ta kunno kai a Kano, kuma yaran da ba a yi musu rigakafi ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba, su ta fi kamawa."

"To, in ta kama yaro fa?" Uwar Adashi ta tambaya.

"Mama, in kika ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, numfashi yana ƙara, kada a tsaya kemis, kada kuma a kai wa wanzami a ce beli ne. A wuce babban asibitin Kafanchan kai tsaye. Akwai maganin da ke karya dafin cutar, amma da wuri yake aiki. Ta tari da atishawa take yaɗuwa, don haka a raba shi da sauran yaran gida."

Na juya wajen Maman 'Yan Biyu. "Ƙawata, ga amsarki. Sau biyu makon rigakafin nan ya zo ya wuce katin yana ƙasan akwatina. Na ji sanarwa a rediyo, na ji a coci, na ɗauka da wasu ake. Mai shela ya yi nasa, ni ce ban fito ba. Da na ɗauki katin na duba ko sau ɗaya a makon nan, da ban yi wancan kwanan zaune ba."

Shiru ya ɗan ratsa. Sai Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, gidan sauron da aka ba ni wajen awon ciki yana nan cikin ledarsa. An ce yana sa ƙaiƙayi, ga kuma zafi."

"Nawa ma na kewaye lambun tumatir da shi saboda kaji," in ji Maman 'Yan Biyu a hankali.

"Amarya, gobe ki ware shi ki shanya a inuwa, ya yini ya kwana, ƙaiƙayin zai tafi," in ji Sista. "Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake cizo, kuma mai juna biyu da ƙaramin yaro su zazzaɓin ya fi kayarwa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duk duniya a ƙasar nan suke. Ga damina ta kawo kai, ruwa zai kwanta a kwatami da tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane. In masu raba maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 suka zo, na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake. A nan ake yawan sakaci. In jiki ya yi zafi kuma, a gwada jini tukuna, minti 15 zuwa 20 ne sakamako ya fito."

Uwar Adashi, wadda duk muke kira Mama, ta daɗe tana murza zoben hannunta. Can ta ce, "'Ya'yana, ni ma ina da tawa. Bara aka ce ina da hawan jini. Na sha magani wata biyu, ciwon kai ya lafa, sai na ajiye. Ban gaya wa kowa ba don kada yara su tayar da hankalinsu."

Sista ta tashi ta koma kusa da ita, ta riƙe mata hannu. "Mama, hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. In awo yana kai 140 bisa 90 ko ya haura, magani ba a ajiye shi sai da izinin likita. Gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai cikin ƙaramin cokali, kuma har da wanda ke cikin magi. Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, amma ke ba za ki jira ta ba. Gobe da safe zan biyo da abin awo."

Mama ta share ido da bakin ɗankwali. "Allah Ya yi miki albarka. To, ku ji. Shekara nawa muna zubi, ba wadda ta taɓa tsallake wata, don kowa tana jin nauyin 'yar'uwarta. Daga yau, ranar zubi kowa ta zo da kuɗinta a hannu ɗaya, katin yaranta a ɗaya hannun. Sista ta duba mana, ta auna mu. Wadda ranar allurar ɗanta ta faɗo lokacin aikin gona, wata ta kai mata shi."

Duk muka amsa da to. Duhu ya fara sauka, duwatsun Kagoro sun shige cikin hadari, sauro ya soma kuka a kunne. Muna tattara kofuna, sai Maman 'Yan Biyu ta jawo ni gefe, ta rage murya.

"Yaya, ta ƙyanda sau nawa ake yi?"

"Sau biyu. Wata 9 da wata 15."

Ta yi jim. "Ta farkon na tuna. Ara mini tocilarki, babu wuta a gidanmu, kuma ba zan iya jira gari ya waye ba."