Kwana Goma a Rumfar Baje Koli

Ban taɓa zaton wata rana zan tsaya a bayan tebur ina jiran mai saye ba, sai da sashenmu ya yanke shawarar kai littattafan Hausa bikin baje kolin duniya na Legas a shekarar 2018. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Legas ce ke shirya bikin a watan Nuwamba, a dandalin Tafawa Ɓalewa. Da aka nemi wanda zai jagoranci tafiyar, ni na ɗaga hannu, domin a raina na ce wanda ya daɗe yana koyar da Ruwan Bagaja ai sayar da shi ba zai gagare shi ba. Ga shi kuma dandalin sunan mawallafin Shaihu Umar yake ɗauke da shi, sai nake ji kamar gida za mu kai kaya. Kuɗin rumfar kuwa daga asusun ƙungiyar ɗalibai aka ranto shi, bisa alkawarin mayarwa kafin makon Hausa.

Tun ba mu bar jami'a ba na tafka kuskuren farko. Fili a irin wannan biki da awo ake hayarsa, kuma wanda ya riga biya shi ke zaɓen wuri. Ni kuwa na yi ta jan ƙafa, har sai da ya rage saura wani lungu mai faɗin mita uku da tsawon mita uku, nesa da ƙofar shiga, daura da masu sayar da lasifika. Sauran kurakuran a cikin rumfar na yi su. Na gindaya tebur a bakinta kamar katanga, na shimfiɗa littattafai a kwance bisa tsarin tarihi, waɗanda gasar 1933 ta haifar a farko, na nazari a tsakiya, na adabin kasuwar Kano can ƙurya, ba farashi a jikin ko ɗaya. Sa'an nan na sami kujera na harɗe da jarida. Duk wanda tsautsayi ya sa ya ɗaga littafi, sai na buɗe masa lacca kan jigo da salo har ya lallaɓa ya ajiye ya wuce. A kwana biyu littafi bakwai muka sayar, wani mai saye ɗaya kuma ya tafi saboda ba mu da canji.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce Bayarabiya mai sayar da yadin rini, haihuwar Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Da safiyar rana ta uku ta leƙo ta ce, "Malam, aji ka zo buɗewa ko kasuwa?" Na ce, "Kasuwa, Mama." Ta ce to in janye teburin gefe mutane su sami hanyar shiga, in tsayar da littattafan bangonsu na kallon hanya, in rubuta farashi da manyan lambobi, domin mai kunya ba ya tambayar kuɗin abin da yake tsoron ya fi ƙarfinsa. Ta ce in naɗe jaridar nan in miƙe tsaye, in kuma riƙa tambayar mutum abin da ya kawo shi kafin in ce uffan. Ban ji daɗin maganar ba, musamman da yake a gaban ɗalibaina biyu aka yi ta, amma na bi.

Tambayar nan ita ta buɗe mini ido. Wani dattijo maigadi daga Obalende ya ce jikokinsa a Legas aka haife su, suna jin Hausa amma ba su iya karanta ta, ko muna da abin da zai fara da su? Ba mu da shi. Wani Inyamuri mai sarin albasa ƙamus yake nema da littafin koyon gaisuwa da ƙirga. Matan Agege da Idi-Araba kuwa kai tsaye ƙuryar da na ɓoye littattafan soyayya suke nufa, su tambayi In Da So Da Ƙauna da sunansa. Magana Jari Ce kaɗai ya haɗa kowa, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki ɗaya ya bar sauran biyun. Na ba ɗaliba ɗaya littafin rubutu tana ɗaukar sunan duk wanda ya nemi abin da babu, da lambar wayarsa. Muka tsara zaman karɓa-karɓa don salla da cin abinci, kada rumfa ta zauna ba kowa. Muka yi waya Kano aka ɗoro mana kwali biyu a motar dare, na yara da na soyayya, suka iso rana ta shida, suka ƙare rana ta tara.

Da muka yi lissafi, kuɗin ɗalibai ya fito, na mota da na dako kuwa daga aljihuna na cike. Littattafan nazari, har da wanda ni na rubuta, a kwalinsu suka dawo, ban da guda biyu. Littafin sunayen nan mai mutum 64 na miƙa shi ga shugaban sashe, kuma da shi muka tsara kayan da aka kai a shekarar 2019.