Zare: yadda ake riƙe ƙarfen zubi a ƙaramin injin tona

1/ Jama'a, a Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ke nan: su sayi ƙarfen zubi, su fere shi a ɗan injin tona na gida irin Myford ML7 da ya fito a 1946, su haɗa ƙaramin injin tururi. Stuart 10V, misali, faɗin ramin silindarsa inci 3/4 ne kacal. Ni da nake karatun injiniya, riƙon ƙarfen ne ya fi ɗaure min kai a aikinsu.

2/ Zubi ba ya fitowa a miƙe. Da gangan ake ɗan karkata gefensa don samfurin ya zare daga yashi, ga kaushi a fata. Cak mai haƙora uku tare haƙoransa ke tafiya, sai ya ciji ƙuraje kawai, tsakiya ta kauce, shi kansa cak ɗin ya wahala. Mai haƙora huɗu ya fi, kowane haƙori da makullinsa. Ka yanko gwangwanin lemo ka sa tsakani don kada ya yi tabo.

3/ Wanda cak ya kasa, sai faranti mai ramuka, a danne shi da noti. Nan fa ake asara wallahi. Ɗauki filawil: in ka danne ƙafafunsa alhali ƙasansu fanko ne, zai lanƙwashe kaɗan, ido ba ya gani. Ka fere, ka auna, komai daidai. Kana kwance noti ya koma yadda yake, ya hau rawa a kan sanda. In ka ƙara matsawa ma ya tsage, don baƙin ƙarfen zubi ba shi da haƙuri. Duk inda za ka danne, fara cusa tallafi a ƙasansa.

4/ In nauyin ya taru gefe guda, ɗaura wani ƙarfe a ɗaya gefen, in ba haka ba injin ya dinga jijjiga.

5/ Kafin ka kunna, juya farantin da hannu zagaye guda. Noti ɗaya da ya leƙo zai daki gadon injin, kai kuma fuskarka na kusa. Fara da gudu mafi ƙanƙanta, yankan farko ya nutse ƙasan fatar nan, don yashin cikinta yana dakushe wuƙa nan take.

6/ Filawil ɗaya ne fa a kwalin. In ya tsage, sai ka sake oda da fam, ka zauna jiran jirgi.